Kare mai ci yana ramewa, da bitamin ɗin da ake ɗura masa

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon aron fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan kare. Na san akwai mai karatun da zai taɓe baki ya ce duk abin da ya dami Kaduna, wannan dattijo bai ga na rubutawa ba sai zawon kare. Ya yi haƙuri ya karanta. Ni mai kiwon kaji ne a bayan Rigachikun, kuma duk mai gona a Igabi ko Chikun ko kan hanyar Birnin Gwari ya san dalilin da ya sa karnuka suka yawaita a gonaki da gidaje cikin 'yan shekarun nan. Mutumin da a da ba ya shan inuwa ɗaya da kare, yau shi ne yake zuba kuɗi masu kauri ya sayi Alseshiyan ko Bowabul ko Rotwaila ya ɗaure a bakin ƙofa. Mun iya saye, jinya ce ba mu iya ba tukuna, kuma inda abin ya fi fitowa fili shi ne ciwon ciki mai daɗewa.

Karen da ya yi makonni yana zawo ko amai yana zubewa, tarkacen bitamin da ake ɗura masa ba sa warkar da shi, wasu ma lahani suke yi masa. Amma akwai bitamin guda ɗaya, B12, wanda irin wannan kare yake yawan rasawa, kuma shi ne ba a ba shi yadda ya kamata. Ni ba likitan dabbobi ba ne. Na dai yi aikina har na yi ritaya a ɗakin magani na asibiti, ina ƙirga wa mutane ƙwayoyi, shi ya sa har gobe idan aka miƙo mini kwalba, ƙananan rubutun bayanta nake fara karantawa kafin in kalli hoton gabanta.

Ga yadda abin yake tafiya a wajenmu. Kare ya fara zawo, maigida ya aiki yaro shagon magungunan dabbobi ko kemis ɗin bakin layi. Yaro ya dawo da abu uku a leda: allurar aibamektin ta tsutsa, ƙwayar metronidazol da aka fi sani da Flagyl, da wata kwalba mai ruwa rawaya da ake kira moltibitamin. A yi masa, zawo ya ɗan lafa, ya dawo. A sake. Idan an gaji a koma ga maganin ƙarin jini na mutane, ko a ɗebo bitamin ɗin kaji a zuba masa a ruwa. Ba wanda ya ɗora karen a sikeli, ba wanda ya kai kashinsa aka duba. Aibamektin magani ne mai kyau a muhallinsa, amma ba ya kashe tsila, ba ya kuma kashe jiyadiya, wata ƙwayar cuta da ke maƙalewa a bangon hanji, wadda ake kwasa a gurɓataccen ruwa. Metronidazol kuwa idan aka yi ta maimaita shi yana hargitsa ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Idan aka zarce ƙima yana taɓa ƙwaƙwalwa, ka ga kare yana tangaɗi idonsa yana rawa, mutane su ce ya haukace su ɗauko sanda.

A wurin likitocin dabbobi, zawo ko amai da ya wuce mako 3 ya tashi daga ɓacin ciki ya zama ciwo mai daɗewa, kuma sai an nemo sanadinsa. A ƙasarmu ana farawa da abin da ya fi yawa. Akwai tsutsa mai ƙugiya da ke shan jini a hanji, ita ke sa kashi ya yi baƙi, dasashi ya yi fari fat. Akwai jiyadiyar da na ambata, wadda ake yi wa fenbendazol na kwana 3 zuwa 5. Akwai cututtukan da kaska ke kawowa. Har sammore, da muka fi sani a shanu, yana kama karen da ke bin kurmin da tsando yake. Ai ba banza cibiyar binciken wannan cuta take nan Kaduna ba. Bayan an kawar da waɗannan sai a dubi abinci, domin da yawa daga karnuka masu ciwon hanji canjin abinci kaɗai yake daidaita su, galibi cikin mako 2. Wanda ya tsallake duk wannan ya tafi kai tsaye ga bitamin ya zama mai zuba ruwa a tulun da ya tsage.

Sauran abin da na sani, wani Alseshiyan da ke gonata ne ya sa na san shi, muna kiransa Gagarau. Asalinsa na wani maƙwabcina ne. Yana da kamar shekara 2 ya fara lalacewa: ci ba ƙoshi, amma haƙarƙari duk a waje, gashi ya bushe yana zuba. Kashinsa tuli guda, toka-toka mai ɗan rawaya, ga maiƙo, ga warin da ke korar mutum. Cikinsa kullum yana ƙugi. Abin da ya fi ɓata wa maigidansa rai shi ne yadda yake juyawa ya cinye kashin nasa. An yi masa allurai har an gaji, yaron gonar ya yanke hukunci cewa ɓarayi ne suka jefo masa wani abu ya ci, maƙwabcin nawa kuma ya ce a kai shi daji a saki. Na ce a ba ni shi.

Akwai wata likita, sa'ar 'yata ce, da ke zagayowa tana duba mana kaji. Na nuna mata shi. Ba ta taɓa sirinji ba sai da ta gama tambaya: me yake ci, sau nawa, yaya launin kashin, me da me aka taɓa ba shi. Ta ɗauki kashi da jini ta tafi da su. Da ta dawo ta ce, “Baba, ba tsutsa ba ce, jininsa kuma babu cutar kaska. Karen nan yunwa ce take kashe shi alhali cikinsa a cike yake. Abincin wucewa kawai yake yi.”

Bayaninta shi ne, akwai wani sashe fari-fari mai laushi da ke kwance a jikin farkon ƙaramin hanji, kusa da tumbi, likitoci suna ce masa fankiriyas. Masu ciwon suga sun san shi, don shi ke yin insulin. Amma yawancin aikinsa shi ne zubo ruwan da ke narkar da maiƙo da nama da sitaci. A wasu karnuka wannan ɓangaren yana shanyewa a hankali, kuma Alseshiyan ne kan gaba wajen gadon lalurar, yawanci tun suna matasa. Alamun ba sa bayyana sai kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi, shi ya sa maigida yake ganin kamar rana ɗaya abin ya faɗo. Akwai gwajin jini na musamman da ke tabbatar da ita, ana kiransa TLI. Likitar ta ce ba ta da shi a hannu, ga tsada ga jira, don haka ta bi alamun da jinsin karen, ta ce a gwada magani a ga amsar da jikinsa zai bayar.

Maganin shi ne a mayar masa da abin da ya rasa, a kowane ci, iya rayuwarsa. Akwai garin da ake sayarwa, ana barbaɗa kimanin cokalin shayi 1 ga kowane kilo 10 na nauyin kare. Sai dai daga waje ake shigo da shi, kuma tun da darajar naira ta zube a 2023 duk abin da ya ƙetaro teku ya fi ƙarfin mai ƙaramar gona. Sannan yawancinsa daga fankiriyas ɗin alade ake yinsa, abin da Musulmi da yawa ba za su so ya zauna a ɗakin ajiyarsu ba. Mafita tana mayanka. Ɗanyen fankiriyas na sa yana yin aikin, giram 30 zuwa 90 a madadin cokali guda na garin, a yayyanka ƙanana a cakuɗa da abinci. Ba a dafa shi, domin zafi yana kashe abin da ake nema. Yana ajiyuwa watanni a firiza idan wuta ta yarda. Ni sai da na nemi alfarmar firizar wani mai sayar da ƙanƙara. Wanda zai je nema ya yi sammako, ya tafi da hoto a wayarsa, don mahauci bai saba a tambaye shi wannan ba, zai iya miƙo saifa. Saifa ja ce mai duhu, kuma ba ta da amfani a wannan lalura. A nemi na dabbar da aka duba lafiyarta, a wanke hannu da wuƙa da kyau, don ɗanyen kayan ciki ba ya rasa ƙwayoyin cuta.

Da aka fara wannan, kashin Gagarau ya daidaita, warin ya ragu, ya daina cin ƙazanta. Amma sai ya tsaya a nan. Nauyi bai ƙaru ba, ga kasala, karen da a da ba ya ƙoshi ya koma shinshina kwano ya juya. A nan ne maganar B12 ta shigo, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

B12 ba ya shiga jini haka kawai. Sai ya sami wani sinadari ɗan rakiya ya riƙe shi, su gangara tare har can ƙarshen ƙaramin hanji, inda mashigarsa take. A jikin mutum tumbi ne ke yin wannan ɗan rakiya. A jikin kare kuwa yawancinsa daga fankiriyas yake fitowa. To ka ga karen da fankiriyas ɗinsa ya shanye ya yi asara biyu. Ga ta uku: abincin da bai narke ba yana zama kiwo ga ƙwayoyin bakteriya a hanji, su yawaita, su kuma masu son B12 ne, suna cinye ɗan abin da ya samu kafin ya kai mashiga. Shi ya sa fiye da kashi 80 cikin 100 na karnuka masu wannan lalura ake samun B12 ɗinsu ya yi ƙasa, kuma garin narkar da abinci ba ya cike wannan giɓi. Haka karen da fankiriyas ɗinsa lafiya lau amma ƙarshen hanjinsa ya daɗe a kumbure. Shi mashigar ce ta lalace, sakamakon kuwa ɗaya ne.

Abin da ya sa wannan rashi ya fi sauran muni shi ne bangon hanji kansa yana buƙatar B12. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin hanji suna sabuntawa duk bayan 'yan kwanaki, kuma sabuntawar ba ta yiwuwa sai da shi. Idan babu, bangon ya ƙara lalacewa, tsotson abinci ya ƙara raguwa, B12 ya ƙara yin ƙasa, haka abin zai yi ta zagayawa. Irin wannan kare, ko an gano ainihin cutarsa an ba shi maganin da ya dace, ba ya murmurewa sosai sai an cike masa wannan. Wani bincike da aka yi a Ingila a kan karnuka masu lalurar fankiriyas ya nuna waɗanda B12 ɗinsu ya faɗi ƙasa sosai sun fi saurin mutuwa.

Mutum zai ce ai na yi masa allurar bitamin. Wacce? Kwalbar B-kwamfles ko moltibitamin mai ruwa rawaya, idan ka karanta bayanta, B12 ɗin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, wata ma babu shi sam, ga zafi a jiki. Abin da ake buƙata shi ne B12 zalla, sayanokobalamin, ruwansa ja ne mai haske. Tsarin da ɗakin binciken cututtukan hanji na Jami'ar Texas A&M a Amurka ya fitar shi ne allura a ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako har mako 6, a ƙara guda bayan kwana 30, sannan a auna jini bayan wata guda. Yawan ya danganta da nauyi, daga mikirogiram 250 ga ɗan ƙaramin kare zuwa 1,500 ga ƙato. Mai kilo 30 yana samun 1,000. Wanda ba ya son allura akwai ƙwaya. A da ana ganin ta baki ba za ta yi aiki ba tunda hanjin ne ya lalace, sai wani bincike na ƙasar Suwidin da aka wallafa a 2016 ya nuna idan aka ba da ita da yawa kullum tana ɗaga B12 a jinin karnuka masu ciwon hanji. Ƙa'idarta mikirogiram 250 ga wanda bai kai kilo 10 ba, 500 ga mai kilo 10 zuwa 20, 1,000 ga wanda ya haura haka, kullum har mako 12. Allura guda a ranar da aka tuna ba ta isa ba.

Na kawo waɗannan alƙaluma ne don mai kare ya iya tambaya, ya kuma gane idan ana sayar masa da ruwan banza, ba don ya zama likitan kansa ba. Sa'ar da aka yi, B12 yana da arha, ana samunsa a kemis na mutane, kuma abin da ya yi yawa jiki yana fitar da shi a fitsari. Gagarau allura aka yi masa. Kafin a gama zagayen farko cinsa ya dawo, ya fara cika, haushinsa ya koma na da. Tunda fankiriyas ba ya dawowa, har yanzu likitar tana maimaita masa lokaci-lokaci. Akwai ɗan'uwan B12, folik asid, wanda mata masu ciki suka sani. Shi a farkon hanji ake tsotsarsa, kuma bakteriya suna yin sa, don haka a wani kare yana ƙasa, a wani yana sama. Ba a ba da shi sai an auna an ga ya yi ƙasa.

Tun muna makarantar koyon aikin magani aka gaya mana cewa da kare aka fara bin sawun wannan bitamin. Wani likita Ba'amurke, George Whipple, ya riƙa ɗibar jinin karnuka yana gwada abincin da zai fi saurin mayar musu da shi, ya ga hanta ce kan gaba. Daga nan George Minot da William Murphy suka ciyar da masu wani mugun ciwon ƙarancin jini hanta a 1926 suka miƙe, su ukun suka sami kyautar Nobel a 1934. Sai a 1948 aka ware sinadarin da ya yi aikin, shi ne B12. Kada wannan ya sa wani ya ce to bari in cika wa karena kwano da hanta. Karen da ba shi da ɗan rakiya ba zai amfana da na cikin hantar yadda ake zato ba, kuma hanta kullum tana tara bitamin A fiye da ƙima, wanda ke taɓa ƙashi da gaɓoɓi.

Inda nake so a kasa kunne da kyau ke nan, bitamin A, D, E da K. Waɗannan a cikin maiƙo suke narkewa, don haka karen da maiƙo ke wucewa ta cikinsa yana iya rasa su da gaske. Rashin K yana hana jini daskarewa, ɗan rauni kaɗan ya yi ta zuba. D kuma kare ba ya samunsa daga rana yadda mu muke samu, komai daɗewar da zai yi kwance a hantsi. Daga abinci yake zuwa masa, kuma ana yawan samunsa ƙasa a karnukan da hanjinsu ke yoyon furotin. To amma A da D ba sa fita a fitsari, taruwa suke yi. D idan ya yi yawa yana ɗaga kalsiyam a jini har ƙoda ta tsaya. Wanda ya ɗauka wasa ne ya sani akwai maganin ɓera da bitamin D3 ne gubar cikinsa. Waɗannan ba a auna su da ido.

Bari in juya ga 'yan'uwana masu kaji, don a gonakinmu wannan ɗabi'a ta fi yawa. Firimis, wato garin bitamin da sauran sinadaran da muke haɗa abincin kaji da shi, an tattara shi ne yadda kilo 2 da rabi zai wadatar da tan guda, don haka cokali ɗaya a kwanon kare ba ƙaramin abu ba ne. Garin bitamin da muke zuba wa kaji a ruwa, da yawa a haɗe suke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda zai ƙara hargitsa hanjin da ake son gyarawa. Wani abincin kajin nama kuma akwai maganin koksidiyosis, ciwon hanjin kaji, a ciki irin su monensin da salinomaisin, waɗanda guba ne ga kare, suna shanye masa ƙafafu su taɓa zuciya. Sai mushen kaji da ake jefa wa karnuka don kada a yi asara, da masarar da ta yi fumfuna aka ce a dama wa kare, alhali gubar fumfuna tana lalata masa hanta.

Na mutane ma haka. Maganin ƙarin jini da ƙwayoyin masu juna biyu cike suke da sinadarin ƙarfe, wato ayon, wanda idan ya yi yawa yana ƙona bangon ciki ya taɓa hanta, ga cikin da ma a kumbure yake. Bitamin na taunawa da ake kawo wa yara daga waje, wasu da zailitol aka zaƙaƙa su, wanda ke faɗar da sugan jinin kare cikin ƙanƙanen lokaci. Bitamin C kuwa asarar kuɗi ce, hantar kare tana yin nata. Tunda na zo nan bari in ƙara, ko da ba bitamin ba ne: ibufurofen da diklofenak da ake ba kare wai yana jin ciwo suna iya huda masa ciki.

Maganar abinci ba zan ja ta ba. B12 daga abincin dabba kaɗai ake samunsa, nama da kifi da ƙwai, saboda haka karen da ake riƙe da ƙanzo da ragowar tuwo da ma a bakin gaɓa yake. Ragowar miya kuma tana zuwa da albasa, wadda ɗanya ko dafaffa tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga yaji ga mai. Idan likita ya ce a gwada canjin abinci, ana zaɓar nama iri ɗaya da karen bai saba ci ba da abu mai sitaci iri ɗaya, misali dafaffen kifi da dankali, a tsaya a kansu mako 2 ba ƙari. Wahalar ba a karen take ba, a yaran gida take, masu jefa masa ƙashi da biredi a ɓoye. Idan abincin ya karɓe shi za a daɗe a kai, sai likita ya faɗi abin da za a ƙara, musamman kalsiyam.

Wani zai ce duk wannan ɗawainiya a kan kare? Malamai sun fi ni sani, amma abin da muka tashi muna ji a karatun zaure shi ne an yi izinin riƙe kare don tsaron gona da dabbobi da farauta, kuma hadisin mutumin da ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah Ya gafarta masa yana cikin Bukhari da Muslim. Wanda ya ɗaure dabba, cinta da jinyarta sun hau kansa. Ko ta fuskar lafiyar gida ma, ƙwan tsutsar da ke cikin kashin kare yana zuba ne a ƙasar da yaranmu ke wasa ba takalmi.

Jihar nan tana da arzikin masana. Ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga kwalejin aikin gona da kimiyyar dabbobi a hanyar Mando, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a maƙwabciyarmu Filato da ke aiki tun 1924. Roƙona a sauƙaƙa gwajin TLI da na B12 da folik asid, yadda likita a cikin garin Kaduna zai ɗebi jini ya aika ya sami sakamako a farashin da mai gona zai iya, don a daina magani da kintace. Masu shagon magungunan dabbobi kuma, kafin ku miƙa kwalba ku tambayi nauyin karen da tsawon ciwon. Idan ya wuce mako 3 ku tura mutum wurin likita. Mai saye ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Masu kiwon Alseshiyan don sayar da 'yan kwikwiyo, karen da wannan lalura ta bayyana a jikinsa a daina barbara da shi, don ana gadonta. Kai ma Edita, da za ka ware ɗan fili wani likitan dabbobi ya riƙa amsa tambayoyi da Hausa, da makiyaya da mafarauta da mu masu gona duk mun amfana.

Akwai yanayin da ba a jira mako 3 ɗin. Ɗan kwikwiyon da ke amai da zawon jini mai ƙarni, musamman wanda ba a yi wa rigakafi ba, ana zargin cutar fabo ne, a ranar ake kai shi. Haka karen da cikinsa ko ƙafafunsa suka kumbura da ruwa, ko dasashinsa ya yi fari, ko ya daina shan ruwa. Wanda kuma zai kai nasa saboda ciwo mai daɗewa, ya auna shi a sikelin buhu ya rubuta nauyin, ya ɗauki hoton kashin, ya ɗebi ɗan sabo a leda mai tsabta, ya kuma kwashe duk kwalabe da fakitin magungunan da aka taɓa ba karen ya tafi da su, har waɗanda suka ƙare.

Na gode da filin. Wassalam.

Naka,
Mai gonar kaji,
Rigachikun, Kaduna.